An jona mata batir ta tashi, ta sake mutuwa: ina laifin yake?

Mota ta ƙi tashi. An murɗa makulli, ba a jin komai sai ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashin bonet, fitilun dashbod suna lumshewa suna dawowa. An samu mai taimako ya matso da motarsa, an jona wayoyi, bugu ɗaya ta kama. Kowa ya ce ai batir ne. Bayan minti goma, ko washegari da safe, sai ga ta a mace, ana waige-waigen wani mai taimakon.

Hukuncin da yawancin masu mota ke yankewa a nan shi ne a sayo sabon batir. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuma sabon ya yi mako biyu ya bi sahun tsohon, domin abin da ya kashe na farkon yana nan daram. Jonawar nan abu ɗaya kawai ta tabbatar: injin zai tashi idan ya samu wuta, kuma wutar ce ta gaza a wancan lokacin. Dalilin gazawar kuwa ba ta faɗa ba. Shi ya sa mai rewayar da ya san aikinsa, kafin ya ɗauki sifana, yakan fara da tambaya: yaushe take mutuwa? Da an cire wayoyin jonawa ne, ko tana tsakiyar tafiya, ko sai an kashe ta an dawo, ko kuwa sai ta kwana? Kowace amsa wani wuri daban take nunawa, kuma wanda ya riƙe amsar da kyau ya riga ya yi rabin binciken tun kafin ya isa gareji.

Kafin a bi amsoshin, sai an san yadda aka raba aiki tsakanin batir da altaneta, domin a nan ake yawan rikicewa. Aikin batir babba ne amma gajere: ya ba kik wutar da zai juya inji na daƙiƙa biyu ko uku. A wannan ɗan lokacin kik ɗin ƙaramar mota mai fetur yana jan amfiya ɗari zuwa ɗari biyu, na dizal ya fi haka. Da inji ya kama, batir ya gama nasa. Daga nan altaneta ce ke ciyar da komai, famfon mai, koyil da fulogi, ƙwaƙwalwar mota, fitilu, fanka, sannan ta mayar wa batir abin da kik ya ɗiba. Wato batir asusu ne, altaneta albashi, jonawa kuma rance. Wanda ya ci rance ya sake tsiyacewa, ko dai albashinsa ba ya shigowa, ko asusun ya huje, ko wani na ɗiba ba da saninsa ba. Wannan tsarin ba sabo ba ne. Batirin dalma da asid Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859, kik mai aiki da lantarki ya fito a motar Cadillac ta 1912, kuma har yau a kan su ake tafiya.

Kayan binciken ba su da yawa. Mita ƙarama mai auna wuta ta wadatar wa kusan komai da za a faɗa a nan, kuma duk mai mota zai iya koyon karanta ta a zama ɗaya. Batirin mota ɗakuna shida ne a jere, kowane yana ba da kimanin bolt 2.1. Idan ya cika caji ya huta, mita za ta nuna 12.6 ko kusa da haka. In ta nuna 12.4 ya ragu zuwa kusan kashi 75 cikin ɗari, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa saura kwata. Mutane kan ga 12 su ce ai ga shi nan lafiya lau, tunda batir mai bolt 12 ne. A'a. Batirin da ke nuna 12.0 a hutu ya kusa ƙarewa. Bambancin cikakke da mataccen bai kai bolt ɗaya ba, don haka lambar bayan ɗigon nan ita ce labarin.

Mu ɗauki motar da ke mutuwa da zarar an cire wayoyin, ko bayan 'yan mintuna tana gudu. A nan altaneta ce abin zargi na farko. Injin yana tafiya ne a kan wutar aro, da aka janye aron kuma ba abin da ya karɓa. In batirin ya ɗan tsinci caji yayin jonawar, motar za ta yi ɗan nisa kafin ta faɗi, kuma faɗuwar tana da tsari wanda direban da ya taɓa gani ba ya mantawa. Da farko fitilun gaba su koma ja-ja. Goge-gilashi ya fara tafiyar hawainiya. Rediyo ya ɗauke ya dawo. Sai fitilun gargaɗi su fara kunnuwa a dashbod ɗaya bayan ɗaya, na birki, na jakar iska, na sitiyari, ba don waɗannan sun lalace ba, sai don wutar da ke isa gare su ta yi ƙasa. A motar da sitiyarinta ke aiki da lantarki, sai ka ji ya yi nauyi a hannu. Daga nan inji ya fara shaƙewa, allurori su zube, shi ke nan. Duk wanda ya ga farkon wannan jerin, musamman da dare, ya nemi gefen hanya tun motar na da sauran numfashi, ya kashe esi da duk abin da ba dole ba.

Akwai lamba a jikin batira da yawa da aka yi ta saboda irin wannan rana. Tana faɗin minti nawa cikakken batir zai iya ba da amfiya 25 kafin ya sauka zuwa bolt 10.5. A batirin ƙaramar mota tana yawan kamawa daga minti 90 zuwa 120. Amma fa wannan lissafin cikakken batir ne mai lafiya. Wanda aka jona yanzu-yanzu ba shi da ko kusa da haka.

Gwajin altaneta mai sauƙi ne. A ta da mota, a ɗora mita a kan kawunan batir. Ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. A kunna fitilu da fanka da esi, a ɗan taka totur, a ga ko lambar ta tsaya sama da 13. In mita na nuna 12 da wani abu tana ta sauka a hankali alhali inji na aiki, caji ba ya shiga. Sai dai a yi hattara da motocin zamani, domin da yawansu ƙwaƙwalwar mota ce ke ba altaneta umarni, kuma takan rage cajin da gangan don tsimin mai idan ta ga batir ya cika. A irin waɗannan, ganin 12.8 ko 13 a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ba hujja ba ce. A kunna fitilu da fanka, in lambar ta haura, altaneta na jin kira.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne gwajin nan da ya shahara, na zare kan batir alhali inji na aiki, wai in motar ba ta mutu ba altaneta na da kyau. A zamanin motocin da ba su da ƙwaƙwalwa ana yi a kwana lafiya. Yanzu ganganci ne. Batir shi ke shanye hawa da saukar wutar altaneta. Da an zare shi tana cikin caji, wutar na iya yin tsalle zuwa bolt gommai a cikin ƙiftawar ido, kuma wannan ya isa ya ƙona ƙwaƙwalwar mota ko altanetar kanta. Ga shi kuma gwajin bai ma gaya maka gaskiya ba, domin altaneta mai rauni tana iya riƙe inji a silo amma ta kasa cika batir. Duk wanda ya kai hannu zai yi wa motarka wannan, ka dakatar da shi.

To, a ce an tabbatar caji ba ya shiga. Har yanzu bai zama dole altanetar ce ta mutu ba, kuma nan ne ake asarar kuɗi a banza. Fambel ne ke juya ta. In ya saki, ko ya yi santsi, ko abin da ke ɗaure shi ya gaji, altaneta za ta yi ta juyawa ba ƙarfi. Alamar da aka fi sani ita ce ƙara mai tsini da safe ko idan an kunna esi. Wasu altanetocin kuma fulinsu na da kulochi a ciki, in ya lalace fuli na juyawa a waje amma cikin bai bi shi ba, ido kuwa ba zai gane ba. Sannan akwai babban fiyus a kan wayar da ta taso daga altaneta zuwa batir. In ya ƙone, altaneta na iya zama garau amma wutarta ba ta da hanyar isa. Abin da ya fi ƙona wannan fiyus kuwa shi ne jonawar da aka yi a juye, ja a wurin baƙi, ko da na daƙiƙa ɗaya ne. Don haka in motar ba ta da matsalar caji kafin ranar da aka jona ta, kuma an ga tartsatsi mai ƙarfi lokacin jonawar, a fara duba nan. Hanyar ganewa ita ce a auna wuta a babban ƙusan bayan altaneta, a kuma auna a kan batir. In a bayan altaneta akwai 14 ko fiye, a batir kuwa 12, to a tsakani hanyar ta yanke.

Akwai wani ƙaramin abu mai ban mamaki a tsofaffin motoci. Fitilar nan mai hoton batir a dashbod, ta cikinta ɗan wutar farko ke bi ya je ya farkar da altaneta. In ƙwan ya ƙone, altaneta na iya ƙin fara caji, ko ta ƙi sai an taka totur sosai. Shi ya sa yake da kyau mutum ya saba kallon dashbod idan ya murɗa makulli kafin ya tayar: fitilar batir ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba tun farko, wannan ma saƙo ne.

Idan laifin a cikin altanetar yake, yawanci ɗaya ne daga abu uku: burushin da ke goga wa sashen da ke juyawa wuta sun cinye, ko na'urar daidaita cajin ta lalace, ko diyod, masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, sun ƙone. Biyun farko a altanetoci da yawa ana canja su ba tare da an yar da ita gaba ɗaya ba. Na'urar daidaitawar kuma tana iya lalacewa ta ɗaya ɓangaren, ta riƙa tura wuta fiye da kima. In mita ta wuce 15 ta zauna a can, batir zai yi ta tafasa, ruwansa ya ƙone, jikinsa ya kumbura, a riƙa jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayayen fitilu kuma su yi ta ƙonewa. Batirin da aka dafa haka shi ma mutuwa yake, sai a ce ai batirin ne ba shi da kyau.

Yanzu ga mota ta biyu. Ita tana tafiya lafiya bayan jonawa, ba ta mutuwa a hanya, amma da an kashe ta an dawo sai ta ƙi tashi. Mita ta nuna altaneta na caji. A nan hankali ya koma kan batir, amma da tambaya biyu: ya lalace ne, ko kuwa bai samu caji ba ne kawai?

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a zagaya da motar na rabin awa batir zai cika. Ba zai cika ba. Zai samu abin da zai ta da ita sau ɗaya ko biyu, wataƙila. Batir mai ɗaukar amfiya-awa 60 da ya zube ƙasa, ko a kan caja mai ba da amfiya 6 sai ya yi awa goma ko fiye. An ƙera altaneta ne don ta cike gurbin da kik ya bari, ba don ta ta da mataccen batir daga tushe ba. Tilasta mata hakan na sa ta yi ta aiki da iya ƙarfinta tana zafi, musamman a silo inda iskar da ke sanyaya ta ba ta da yawa. Wanda ke jona motarsa kullum da safe na tsawon makonni yana iya farawa da matsalar batir ya ƙare da matsalar altaneta. Ga kuma mai gajerun tafiye-tafiye, minti biyar nan minti biyar can, da fitilu da esi: kowace tayarwa tana iya ɗiban fiye da abin da tafiyar ke mayarwa. Irin wannan motar ba ta da wani abin da ya lalace, amma batirinta kullum a yunwace yake.

Saboda haka matakin da ya dace shi ne a cika batirin a kan caja, a hankali, sannan a yi masa hukunci. Kuma kada a auna shi da saukowarsa daga caji, domin zai nuna 13 ko fiye, lambar da ba ta kai ciki ba. A bar shi ya huta wasu awanni, ko a kunna fitilun gaba na minti ɗaya a kashe, sannan a auna. In ya tsaya a 12.6, madalla, saura gwajin nauyi. In ya sauko ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya daga cikin shidan ya mutu, kuma babu cajin da zai dawo da shi.

Gwajin nauyi shi ne mai raba gardama, domin batir na iya nuna 12.6 a zaune ya durƙushe da an ɗora masa kaya. A gida, a bar mita a kan batir wani ya murɗa makulli. Yayin da kik ke juyawa bai kamata lambar ta sauka ƙasa da 9.6 ba. In ta faɗa zuwa 7 ko 6, batirin ya gaji. A wurin masu sayar da batir da gareji akwai na'urar da ke yin wannan da kyau, tana kwatanta ƙarfin da ya rage masa da wanda aka rubuta a jikinsa. Batirin da ake iya buɗe murafensa kuma ana duba ruwan kowane ɗaki. In ya yi ƙasa har faranti sun fito, a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ba asid ba, ba ruwan famfo ba. Ma'aunin kaurin ruwan yakan nuna kimanin 1.265 a cikakken ɗaki, kuma in ɗaki ɗaya ya yi nisa da 'yan'uwansa, shi ne mai laifin.

Me ke kashe batir tun farko? Shekaru, da zafi, da zama ba caji. Yawanci yakan yi shekara uku zuwa biyar, a wuri mai tsananin zafi ƙasa da haka, domin zafi na ƙone ruwan yana kuma cin farantin. Sanyi shi ke fallasa raunin, amma zafi ne ke haddasa shi. Zama ba caji kuma yana sa wani farin gishiri ya daskare a kan faranti, in ya daɗe ya taurare ba ya narkewa, sai wurin ajiyar wuta ya yi ta raguwa. Batirin tayar da mota ba a yi shi don a zuƙe shi ƙarƙaf ba. Kowace mutuwa tana rage masa kwana, shi ya sa batirin da wata matsala ta kashe sau biyar ko shida yakan zama shi ma sai an canja shi, ko da ba shi ya fara ba.

Kafin dai a yanke wa batir hukunci, a dubi kawunansa da kyau, ba kallon nesa ba. Ka kama matsin da hannu ka murɗa. In ya juya, ya yi sako-sako. Ka kwance shi ka duba ciki, inda dalma ke haɗuwa da dalma. Sau da yawa waje fes yake, ciki kuwa akwai wani baƙin ɓawo ko farin gari mai ɗan kore. Wannan siririn dattin ya isa ya bar fitilu su kama amma ya hana amfiya ɗari biyu wucewa. Ga kuma abin da ke ruɗar mutane: idan an zo jonawa, bakin wayar aron a kan matsin yake cizo, ba a kan ƙusan batirin ba. Wato wutar aron ta tsallake wurin da ke da matsalar ta tafi kai tsaye ga kik. Motar ta tashi, kowa ya ce batir ya mutu, alhali batirin cike yake, hanyar fita ce ba shi da ita. Wannan dattin kuma shi zai hana cajin altaneta shiga yadda ya kamata. A wanke da ruwan bakin-soda, a goge da burushin ƙarfe har ya yi ƙyalli, a ɗaure tamau. Haka za a bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota, da wadda ta haɗa inji da jikin mota, domin tsatsa a can daidai take da datti a kan batir. Mita na iya kama wannan ma: bakinta ɗaya a kan ƙusan batir, ɗayan a kan matsin, a murɗa makulli. In ta nuna fiye da 0.2, haɗin ba shi da kyau.

Mota ta uku ita ce mai wahalar kamawa. Tana tashi duk yini ba gardama, altaneta na caji, batir ya ci gwaji, amma in ta kwana ɗaya ko biyu sai a tarar da ita a mace. Wani abu na shan wuta bayan an zare makulli. Kowace mota tana ɗan sha, don agogo da ƙwaƙwalwa da na'urar buɗe ƙofa, amma abin da aka saba ɗauka daidai bai wuce miliamfiya 50 ba, wato amfiya 0.05. Ƙwan but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa yana jan kusan amfiya 0.4, wato wajen amfiya-awa 10 a kwana ɗaya. A batir mai 60, kwana uku ya cinye rabi, in kuma batirin ya tsufa ba zai kai haka ba.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar mita. A cika batir, da dare a kwance baƙin kan a ajiye gefe, da safe a mayar. In ta tashi garau alhali a haɗe ba ta kai safiya, ɓarawon a cikin motar yake. In ko a kwance ɗin ma ya zube, batirin ne ke cin kansa. Don gano ko wane ne ɓarawon, sai a sa mita a ma'aunin amfiya tsakanin baƙin kan batir da wayarsa, a rufe ƙofofi, a jira. Jiran nan dole ne, domin na'urorin motar zamani ba sa barci nan take, wasu sai bayan rabin awa ko fiye, kuma wanda ya yi gaggawa zai kama mara laifi. Kada kuma a kuskura a murɗa kik mita na haɗe haka, ƙonewa za ta yi. Bayan lambar ta zauna, a riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har a ga wanda ya sa ta faɗi. Ƙwararru sun fi son auna ɗan bambancin wutar da ke tsakanin ƙafafun kowane fiyus ba tare da an zare shi ba, domin zarewa da mayarwa na iya farkar da abin da ya yi barci.

A ganina, kafin a shiga wannan dogon aikin, a fara tambayar me aka ƙara wa motar bayan fitowarta daga kamfani. Rediyo, amfilifaya, na'urar bin sawu, ƙararrawar ɓarayi, kyamarar gilashi, cajar waya da aka bari a soke: mafi yawan ɓarayin daga cikinsu suke, musamman in an jona su a wayar da ba ta mutuwa da makulli. Sai fitilar but da ta akwatin gaban fasinja, waɗanda ba mai ganinsu in an rufe. Dabarar ita ce a kunna bidiyo a waya, a sa ta ciki, a rufe, a buɗe a kalla. Motar da ke buɗewa ba tare da an soka makulli ba kuma, in ana ajiye makullinta kusa da ita, tana iya ƙin yin barci. In an zare dukkan fiyus shan bai tsaya ba, a koma kan altaneta. Diyod aikinsu barin wuta ta bi hanya ɗaya. In ɗaya ya huje, da rana altaneta na caji kamar ba komai, da dare kuma wutar batir na komawa ta cikinta tana tsiyayewa. Irin wannan ce ke cinye batir biyu ko uku kafin a gano ta.

Akwai kuma motar da mutuwarta ba ta da alaƙa da caji ko kaɗan, jonawar ce kawai ta zo daidai da ita. Alamar a fili take: bayan ta mutu fitilu na da haske, kik na juyawa da ƙarfi. In tana mutuwa ne a silo, a danja ko da an ɗaga ƙafa daga totur, yana iya zama ƙwaƙwalwar ta manta saitin silon da ta koya lokacin da wuta ta ɗauke mata. A hankali ta saba da maƙogwaron totur da ya yi datti tana ƙara masa buɗi, yanzu ta koma saitin kamfani, iskar kuma ba ta isa. Wanke maƙogwaron da barin ta ta sake koyo yakan warware. In tana tashi ta mutu bayan daƙiƙa biyu, fitilar makulli na ƙiftawa, na'urar hana sata ce ba ta gane makullin ba. Famfon mai da ya gaji da na'urar da ke karanta juyawar inji su ma suna kashe mota idan sun yi zafi, sai mai motar ya yi ta murɗa kik har batir ya ƙare, a jona, a ɗora wa batir laifi. Na'urar karanta kurakurai na taimakawa a nan. Soket ɗinta ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, kuma lamba irin P0562 tana nufin wutar motar ta yi ƙasa. Sai dai batirin da ya zube yakan bar tarin lambobin ƙarya, don haka a rubuta su, a goge, a ga waɗanda suka dawo.

Ita kanta jonawar tana da tsari, kuma kuskure a cikinta na ƙara sabuwar cuta a kan tsohuwa. Jar waya a kan alamar + ta mataccen batir, ɗayan bakin a + ta mai rai. Baƙar waya a alamar − ta mai rai, bakinta na ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir, domin batir na fitar da iskar haidurojin kuma tartsatsin haɗin ƙarshe na iya kunna ta. A bar motar mai taimako ta yi aiki na 'yan mintuna kafin a gwada, a cire wayoyin ta bin akasin yadda aka sa. Batirin da ya fashe, ko ya kumbura, ko yake yoyo, ba a jona shi.

In ta kai ga sayen sabo, a sayi irin wanda motar ta zo da shi, girma da ƙarfi da nau'i. Motocin da ke kashe inji da kansu a danja suna amfani da batir na musamman, AGM ko EFB, kuma na gama-gari ba ya daɗewa a cikinsu. Wasu motocin, irin su BMW, sai an sanar da ƙwaƙwalwarsu cewa an sa sabon batir, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa caji irin na tsohon. In kuma altaneta aka canja, a cika batirin a kan caja kafin a haɗa su, kada sabuwar ta fara rayuwarta da jan mataccen kaya. Bayan gyaran, a auna inji na aiki da fitilu a kunne, sannan a sake aunawa washegari da safe kafin a murɗa makulli. In safiyar ta nuna 12.5 ko 12.6, an kama mai laifin. In ta nuna 12.2, da sauran wani a ciki.